Ranakun da Duna Ke Ɓuya

A gidan kawuna da ke unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi akwai wani baƙin kare mai farin ƙirji, sunansa Duna. An kawo shi ne don ya tsare jajayen awaki, irin awakin nan da suka kai sunan Maraɗi ƙasashen duniya saboda kyan fatarsu, kuma shekara da shekaru babu wanda ya taɓa kuka da aikinsa. Yana da wata al'ada da kowa a gidan ya sani. Da magariba ta gabato, tun kunnen mutum bai tsinkayi ƙarar moton Kawu ba, Duna zai miƙe ya nufi bakin zaure. Kawu na shigowa sai ya zagaye moton yana kaɗa wutsiya, ya raka shi har garke, Kawu ya sosa masa ƙeya, ya zuba masa ragowar tuwo. Daga nan kowa ya kama gabansa.

Cikin hunturun ƙarshen 2023 wannan al'ada ta tsinke, amma ba gaba ɗaya ba, kuma abin da ya ɗaure wa mutanen gida kai ke nan. Yau Duna zai tarbi Kawu yadda ya saba, wani lokaci ma har ya zarce. Jibi kuma da ya ji moton sai ya sulale ya shige ƙarƙashin tsohon amalanken da ke jingine a garke, ya kwantar da kunnuwa, ya cusa wutsiya tsakanin cinyoyi. In Kawu ya kira shi sai ya ɗago ido ya kau da kai, yana lasar baki yana hamma alhali ba barci yake ji ba. Tuwon da aka zuba masa ba ya taɓawa sai dare ya raba. Gari na wayewa kuma za a same shi a gefen Kawu, lafiya lau, babu alamar an yi wani abu jiya.

Kowa ya kawo tasa. Inna, uwargidan Kawu, ta ce kare yana ganin abin da mutum ba ya gani, don haka a nemi tsari. Maƙwabci ya ce hauka ce ke tafe, a kashe shi tun bai yi ɓarna ba. Ni malamin makaranta ne, a ɗakin zauren gidan nake kwana, saboda haka sai aikin binciken ya faɗo kaina.

Maganar maƙwabci na fara bi, domin ita ce mai haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta hanyar cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Gidan Kawu kuwa cike yake da yara. Na je ma'aikatar kiwo na taho da ma'aikacin lafiyar dabbobi. Ya duba idon Duna da dasashinsa, ya sa aka ajiye masa ruwa ya sha, sannan ya tambayi tun yaushe abin ya fara. Da aka ce masa an fi wata guda, sai ya rufe jakarsa. Ya ce karen da hauka ta bayyana a jikinsa da wuya ya wuce kwana goma a raye, kuma cutar gaba take yi kullum, ba ta sauƙi yau ta dawo jibi. Ya sabunta wa Duna allura, ya kuma tara matan gida ya gargaɗe su: duk wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a wuce likita nan take, kada a tsaya jiran komai.

Sai na koma kan duka. Yaran unguwa ba su raina jifan kare, kuma karen da ya sha wuya yakan canza hali. Na shafa jikinsa ban ga rauni ba. Ban da haka, karen da ake duka yana tsoron hannun da aka ɗaga, ko sanda, ko mutumin da ya doke shi, kuma tsoron ba ya zaɓen rana. Duna kuwa yana wasa da yara yadda ya saba, Kawu bai taɓa ɗaga masa hannu ba, kuma da safe shi ke fara zuwa wurinsa.

Da maƙwabci ya ga babu hauka, sai ya ce to a kore shi, kare ne dai. Kawu ya ƙi, kuma yana da madogara. A mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai bin umarni ne. Hadisi ya yarda a ajiye kare don farauta ko tsaron dabbobi ko gona, ga kuma labarin mutumin da ya ɗebo ruwa a rijiya da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Kawu ya ce dabbar da ta kwana tana gadin dukiyarsa shekaru tana da hakki a kansa, ba zai saka mata da kora ba.

Ganin zato ya ƙare, sai na sami ƙaramin littafi na fara rubutu. Kowane maraice nakan rubuta rana, da abin da Duna ya yi, da rigar da Kawu ya sa, da inda ya ce ya yini. Ba a daɗe ba tsari ya fito fili. Ranakun ɓuya kusan dukansu Litinin ne da Juma'a, wato ranakun da babbar kasuwar Maraɗi ke ci. Kantin Kawu na yadi da atamfa yana cikinta.

Nan da nan wari ya zo mini a rai. Ran kasuwa ana cakuɗa da fatu da kilishi da busasshen kifi da man fetur na kwalba da dabbobin ƙauye, kuma hancin kare ya ninka namu nesa ba kusa ba. Wataƙila wani wari ne ke bin rigar Kawu har gida. Gwajin bai yi wuya ba. Yaron kanti yakan yini tare da Kawu a rumfa ɗaya, a kan benci ɗaya, kuma yakan rigaye shi zuwa gida da cefane. Duna ya tarbe shi ran Litinin, ya tarbe shi ran Juma'a, ya shinshina ƙafarsa ya kaɗa wutsiya. Na yi zargin turaren Juma'a, amma Kawu ba ya sa turare ran Litinin. Sannan wata Juma'a ta zo da ta rushe wannan zargi ɗungurum. An yi rasuwa a dangi, Kawu ya rufe kanti ya tafi jana'iza, sanye da babbar rigarsa tana ƙamshin turare, ya dawo idonsa jajir. Duna ya fito ya tarbe shi, ya jingina da ƙafarsa, ya ƙi matsawa. Ashe karen ba ya gudun turare, ba ya gudun baƙin ciki ma. Wani abu ne daban yake gudu.

A nan basirata ta tsaya, sai na nufi inda Duna ya fito. Wani tsohon mahalbi a Tibiri ne ya ba Kawu shi tun yana ɗan kwikwiyo. Sanin kare a kwarin Gulbi tsohon ilimi ne. Lokacin da Katsinawan Ɗan Kasawa suka zauna Maraɗi, da lokacin da Gobirawa suka kafa Tibiri a ƙarƙashin Sarki Mayaƙi bayan yaƙin Gawakuke na 1836, kwarin Gulbi kurmi ne mai duhu, kuma mahalbi mutum ne da gari ke ji da shi. Yau kurmin ya koma gonaki, abin farauta ya rage zomo da kurege da zabin daji, amma gidajen da suka gaji sana'ar ba su saki karnukansu ba, kuma har yanzu suna karanta su fiye da kowa.

Na sami tsohon a gindin bedi yana gyaran raga, karnuka uku kwance a bayansa. Bayan mun gaisa na kwashe labari na faɗa masa, har da ranakun da na rubuta. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama sai ya yi tambaya guda.

“Mushe, kahin maigida ya shigo yaka ɓuya, ko bayan ya shigo?”

Na ce, “Kafin ya shigo, Baba. Da ya ji moto.”

Ya ce, “To kunne ne ka fara gaya mishi, hanci daga baya yaka tabbatarwa. Kai kare kaka kallo, ɗana. Koma ka kalli mai karen.”

Ya ce shi kansa in ya fito farauta da ɓacin rai, ko ya ɓoye wa abokan tafiya, karnukansa ba sa yin nisa. Suna tafiya suna waiwaye, zomo ya tashi a gabansu su yi sanyin bi. In ya fito zuciyarsa fari, ko da yunwa yake, sai su bazu cikin daji. Ya ce mutum yana iya gyara fuska, yana iya gyara harshe, amma takunsa da numfashinsa ba su san ladabi ba.

Daga ranar na juya kujerata. Maimakon in fuskanci garke, sai na zauna a dakalin waje ina fuskantar hanya. Abin da na gani ya ba ni mamaki, domin shekaru ina ganinsa ban lura ba. Ran kasuwa Kawu yakan shigo layi da gudu, ya taka birki da ƙarfi a ƙofar gida, ya murɗa mai sau ɗaya kafin ya kashe. Sai ya zauna a kan moton bai sauka ba, hannu a kan kambu, yana kallon ƙasa, muƙamuƙinsa na motsi. Bayan ɗan lokaci ya ja dogon numfashi, ya gyara hula, ya tura moton ciki da sallama mai ƙarfi. Yana dariya, yana raba wa yara tsire da rake, yana tsokanar Inna. In aka ce ya kasuwa, sai ya ce, “Alhamdu lillahi, sai godiya.” Makullan kanti kuwa suna dunƙule a hannunsa har jijiyoyi sun tashi. Wasu ranakun kuma moton a hankali yake shigowa layi, Kawu ya kashe shi tun daga nesa ya gangaro, ya yi sallama ƙasa-ƙasa, babu tsaraba sai ƙunshin zogale wani lokaci. A gajiye yake shigowa, kafaɗunsa a sake.

Mu mutanen gida mun ɗauki ranakun dariya da tsire a matsayin ranakun sa'a, ranakun shiru kuma a matsayin ranakun da kasuwa ta ƙi. Duna ya karanta su akasin haka.

Masana sun daɗe da sanin dabbar gida na iya yin irin wannan karatu. A farkon ƙarni na 20 an yi wani doki a birnin Balin na Jamus, sunansa Hans, wanda aka yi ta rububin gani wai yana lissafi, yana buga amsa da kofato. A 1907 wani mai bincike, Oskar Pfungst, ya nuna cewa dokin ba ya ƙidaya komai. Mai tambaya yake kallo, in an iso amsar da ta dace sai jikin mutumin ya ɗan saki ba tare da ya sani ba, doki ya daina bugawa. Kare ya fi haka nisa, don yana haɗa ido da kunne da hanci. A 2022 masu bincike a jami'ar Queen's da ke Belfast sun ɗauki gumi da numfashin mutum 36 kafin da kuma bayan an matsa musu da lissafin ka mai wuya. Karnuka huɗu da aka horar sun bambance warin damuwa da na kwanciyar hankali daidai a fiye da kashi 90 cikin 100 na gwaje-gwajen. A 2019 kuma, a jami'ar Linköping ta ƙasar Suwidin, an auna sinadarin damuwa a gashin karnuka 58 da na masu su, aka ga yana hawa yana sauka tare. Abin da mahalbin Tibiri ya koya a daji shi ne waɗannan suka auna a ɗakin bincike. Kuma lissafin nan da aka matsa wa mutanen Belfast da shi ya tsaya mini a rai, don na san ran kasuwa ranar lissafi ce.

Yaron kanti ba zai faɗi komai ba, amana aka ba shi, ni ma ban tambaye shi ba. Sai dai na ƙirga awaki na ga sun ragu, aka ce an kai wasu ƙauye. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci na biya kanti don in sayi yadi. Na tarar da wani saurayi zaune a kan benci da littafi a cinya, ba ya taya komai, ba ya da niyyar tashi. Kawu da kansa yake zuba masa shayi. Kowa a kasuwa ya san irin wannan zama. Yaron dila ne, ya zo karɓar abin da ya samu daga kuɗin kayan da aka ba da bashi, kuma ran kasuwa yake zuwa.

Sauran labarin duk Maraɗi ta san shi. Cinikin garin nan da Najeriya yake numfashi, ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina da Kano. An rufe wannan iyaka a Agustan 2019 har zuwa Afrilun 2022, 'yan kasuwa ba su gama miƙewa ba aka sake rufe ta a Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. A daidai lokacin naira ta faɗi warwas, duk kayan da aka yi wa kuɗi da sefa suka fi ƙarfin mai saye daga ƙetare. Atamfa ta kwanta a kan kanta, bashi kuma ba ya kwanciya. Kawu ya riƙa sayar da awaki ɗaya bayan ɗaya yana toshe rami, yana sayen tsire da abin da ya rage don kada iyali su gane. Ban ce masa uffan ba, don ba a tone asirin babba. A raina dai na ce an gano bakin zaren.

A Maris 2024 aka buɗe iyaka. Kawu ya sayar da wani filinsa a bayan gari ya biya dila tas, Inna ce ta faɗa mini tana hamdala, don a ƙarshe ya gaya mata. Saurayi mai littafi ya daina zuwa, masu saye suka fara dawowa. Litinin ta zo, moto ya shigo layi da gudu, Duna ya shige ƙarƙashin amalanke. Juma'a ma haka. Bashi ya tafi, ɓuya ba ta tafi ba.

Na koma littafina, wannan karon na duba ɗaya gefen. Duk tsawon lokacin nan ranakun ɓuya nake bi, ban kula da ranakun da tarba ta fi ƙarfi ba. Su ma suna da tsari. Akwai ranakun da Duna ke tarbar Kawu tun daga kan kwana, ya manne hanci a bakin wandonsa da tayar moto, yana nishi yana tsalle. Ranakun zogale ne. A irin wannan maraice na durƙusa na duba tayar, na ga baƙar laka ta maƙale a cikin zanenta, ɗanya, ga shi muna tsakiyar bazara. Tun da ambaliyar 1945 ta cinye tsohon gari a cikin kwari aka hau tudu, Maraɗi a kan rairayi take zaune. Laka mai ɗanshi a wannan lokaci sai inda ake ban-ruwa. Da Kawu ya miƙo mini hannu muka gaisa, na ji kanta a tafinsa, irin wadda auna yadi ba ya kawowa.

Mu mutanen Jiratawa ne. Tun farkon shekarun 1980 aka shimfiɗa aikin ban-ruwa a can, wajen hekta 500, ana jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse da injin lantarki ana sako shi cikin magudanai, manoma na tafiyar da shi ta ƙungiyarsu tare da hukumar ONAHA. Ana noman alkama da masara da albasa da tumatir, amma abin da ya fi fito da sunan garin shi ne zogale. Kakana ya sami yanki a ciki, ya faɗo hannun Kawu a gado, kuma abin da muka sani shi ne wasu dangi ke noma shi.

An yi suna a dangi na je Jiratawa, da aka watse na taka zuwa gonar. Daga nesa na hango mutum a cikin wata tsohuwar riga mai yagaggen hannu, wando a naɗe har gwiwa. Ya sa hauya ya fasa bakin kwali, ruwa ya kwararo, ya tsaya yana kallon yadda ƙasa ke sha. Da kwalin ya cika sai ya ɗebo laka da hannu biyu ya toshe, ya danna da diddige, ya matsa na gaba. Yana tafe yana shafa kan zogalen da aka sare ya sake tofo, yana murza ganye a yatsa yana shinshinawa. Babbar rigarsa da hularsa suna ninke a kan moto a inuwa. Ban taɓa ganin fuskar Kawu a kwance haka ba. Da ya gan ni sai ya yi sauri ya wanke hannu, ya ce, “Masu aiki na zo dubawa.” Babu mai aiki ko ɗaya a gonar.

Bayan kwana biyu, da dare, na same shi a garke yana ba awaki harawa. Na ce, “Kawu, ga littafin Duna, in ka ba ni izini in karanta maka.” Ya ce in karanta. Na karanta ranakun ɓuya, na karanta ranakun tarba, ban ƙara ko kalma ɗaya tawa ba. Ya ce in sake karanta na bayan biyan bashi. Na sake.

Ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ya ce, “Ni na ɗauka kasuwa ce ta yi tsanani. Ashe ko ta yi daɗi haka nike komowa gida.”

A daren ya faɗa mini abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Yana saurayi mahaifinsa ya kawo shi birni ya damƙa shi a hannun wani attajiri, don a Maraɗi da kanti ake auna namiji. Garin Alhazai ne, waɗanda suka taso daga cinikin gyaɗa suka mamaye fataucin iyaka, har wani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi guda a kansu a 1986. Kowane uba yana son ɗansa ya shiga wannan sahu. Kawu ya shiga, ya yi biyayya, ya sami jari, ya je Makka, aka kira shi Alhaji. Ya ce tsawon shekarun nan bai taɓa son ciniki ba, jayayya a kan dala biyar da yabon kayan da ya san ba su kai ba suna cin ransa, amma bai taɓa tsayawa ya kira abin da sunansa ba. Yana da ƙarfin danne shi, har tsananin 2023 ya zo ya cinye ƙarfin. A cikin tsananin ne ya fara zuwa Jiratawa don ya rage kuɗin ƙwadago, sai ya ji abin da ya rabu da ji tun yana yaro. Ko a ransa cewa yake dubawa yake zuwa yi.

Na ce, “Kawu, me zai hana?”

Ya ce, “Ɗana, mutane za su ce Alhaji ya karye.”

Sun kuwa faɗa. Bayan damina ya miƙa ragamar kanti ga babban ɗansa, wanda ciniki ke cikin jininsa, shi kuma ya koma yini a gona yana leƙa kasuwa jefi-jefi. An yi ta magana a majalisa na ɗan lokaci, sai wani labarin ya zo ya ture nasa. Bai yi arzikin da ya fi na da ba. Zogale ana tsinkarsa a kai a kai, mata masu sari suna zuwa da buhuna har gona, abin da ke shigowa yana riƙe gida tare da na kanti. Duna ya koma bakin zaure. Wani maraicen yakan shige ƙarƙashin amalanke har yanzu, don damuwa ba ta ƙarewa a duniya, amma yanzu in ya shige Inna takan bari a ci abinci, sannan ta ce, “Alhaji, mi ya faru yau?” Shi kuma yakan faɗa mata.

Abin da na ɗauka daga wannan al'amari ya shafi kawaici. An tarbiyyantar da mu da shi, kuma ina ganin girmansa. Mutumin da ke ɗauke da bashi ya shigo gida da dariya don kada yara su kwana da fargaba, mutumin kirki ne, babu mai raina wannan. Kawaici kamar murfin tukunya yake, yana hana ƙura faɗawa cikin abinci, amma mai girki dole ta riƙa ɗagawa tana duba abin da ke ciki, in ba haka ba sai ta ji ƙauri. Hatsarin yana inda mutum ya saba faɗa wa jama'a lafiya lau, har ya wayi gari shi ma da wannan amsa yake sallamar kansa. Kawu bai yi nufin yaudarar kowa ba. Tambayar ce bai taɓa yi wa kansa ba, kuma duk masu ƙaunarsa kunya da girmamawa sun hana su yi masa ita. Kare ba ya jin nauyin kowa, bai san Alhaji ba, bai san kanti ba. Abin da jiki ya faɗa shi yake amsawa.

Ba kowane mai jin nauyin sana'arsa ke da gona a Jiratawa ba, kuma ba kowa ya kamata ya bar abin da yake yi ba. Wani zai gane gaskiyar ransa ya ci gaba da zama a kanti saboda iyali, kuma wannan ma zaɓi ne mai daraja, muddin ya san abin da ya zaɓa da abin da ya bari. Wanda ya sani yakan nemi sauƙi inda sauƙi yake, yakan faɗa wa matarsa, yakan roƙi Allah a kan ainihin abin da ke damunsa. Wanda bai sani ba kuwa sai ya ɗora laifi a kan kasuwa ko iyaka ko maƙiya, shekaru na tafiya.

Saboda haka duk mai dabbar da ta san shi, kare ne ko doki ko ma akuyar da yake ba dusa da hannunsa, in ya ga halinta ya canza, ya fara kai ta wurin mai duba lafiyar dabbobi. In an ce lafiyarta ƙalau, to ya rubuta ranakun, ya dubi inda ya yini a kowace, ya lura da yadda ya shigo gida. Sannan ya sami wanda ya amince da shi su karanta tare, ya kuma yarda da abin da ya fito ko da bai yi masa daɗi ba.